Yadda Ake Haɗa Ƙananan Tsofaffin Motoci da Yadda Ake Tara Su

Wanda ya taɓa fere kara ya yi mota yana yaro, ko ya yanka gwangwanin madara ya yi mata ƙafafu da tsohon silifa, ya riga ya ɗanɗana daɗin abin da za mu yi magana a kai. Bambancin shi ne, a nan motar da za ka haɗa kwafi ce ta wata mota takamaimai da aka taɓa ƙerawa, an rage girmanta bisa lissafi, har madubin gefe da hannun ƙofa kowanne yana inda yake a jikin ta gaske. Manya ne suka fi yin wannan harka a Japan da Turai da Amurka, kuma ta kasu gida biyu. Akwai masu sayen mota a warwatse cikin kwali, gutsattsarin roba ɗari ko fiye, su haɗa su fente da hannunsu. Akwai kuma masu sayen ta ƙarfe da aka gama a masana'anta su jera a kabad. Yawancin mutane da ɗaya suke farawa, ɗayan ya biyo baya ba tare da sun shirya ba.

Lambar da ke jikin kwali

Abu na farko da za ka ci karo da shi shi ne lamba irin 1:24 ko 1:43. Ma'anarta ita ce an raba tsawon motar gaske gida 24 ko gida 43, an ɗauki ɗaya. Fijo 504, wadda tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi, tana zama santimita 25 a ma'aunin 1:18, ta koma kusan santimita 10 a 1:43, a 1:64 kuwa santimita 7 ce kawai. Kenan ƙaruwar lambar, ƙanƙancewar motar.

Ga mai son haɗawa, 1:24 ne gida. Kamfanonin Japan irin su Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi duk a kansa suka fi aiki, haka ma Revell na Jamus da Heller na Faransa. Amurkawa sun fi riƙo da 1:25, al'adar da ta samo asali daga ƙananan motocin talla da kamfanin AMT ke yi wa dillalan mota. Bambancin ma'aunin biyu bai taka kara ya karya ba, za su zauna a kanta ɗaya ido bai gane ba. Ga mai tarawa kuwa, 1:43 ya fi tarihi da yawan zaɓi, 1:18 ya fi cika ido amma yana cin wuri da kuɗi, 1:64 kuma shi ne girman Hot Wheels da Matchbox.

Motar farko

Kada zumuɗi ya kai ka ga motar tsere mai tarin tambari da wayoyi. Nemi mota mai jiki zagayayye, launi ɗaya, wadda sassanta ke shiga juna ba gardama. Misalin da zan bi a nan shi ne Volkswagen Beetle ƙirar 1966 da Tamiya ke yi a 1:24. Tsawonta idan ta haɗu kusan santimita 17 ne, injinta na baya a bayyane yake ba rikitarwa, kuma mota ce da idonmu ya sani, tunda an haɗa irinta a Legas daga 1975. Sanin motar yana da amfani fiye da yadda ake zato: idan bamba ta karkace ko fitila ta yi sama, za ka gani nan take, alhali a motar da ba ka taɓa gani ba sai ka ɗauka haka aka yi ta. Mini Cooper da Citroën 2CV na wannan kamfani su ma suna da sauƙin hali, Revell kuma yana da Land Rover Series III ga mai son motar daji.

Kayan aiki ba su da yawa. Kana buƙatar ƙaramar filaya mai yanka (abin yanke farce ma yana fitar da mutum da farko), wuƙar sana'a mai kaifin reza, hantsaki, samfefa mai lamba 400 da 600 da 1000 da 2000, burushi sirara biyu ko uku, tsinken sakace, salatef ɗin takarda na masu fenti, da takunkumi. Gam kuwa iri uku ne, kuma rikita su shi ke ɓata aikin mafi yawan sababbin shiga. Akwai gam ɗin roba, mai ruwa-ruwa, wanda ke narkar da fuskar sassa biyu su zama ɗaya. Akwai sufa gulu, na haɗa ƙarfe da roba ko sassan da aka riga aka fente. Sai farin gam na kafinta, wanda shi kaɗai za ka bari ya kusanci gilashi.

Wata matsala da ya kamata ka sani tun kafin ka yi oda: gwangwanin fentin feshi da tina (ruwan tsarma fenti) kaya ne masu kama wuta, don haka masu sayarwa ta intanet galibi ba sa turo su ta jirgin sama. Kwalin motar zai iso, fenti kuwa sai ka nema a gida. Fentin feshi na kasuwa yana yi, amma wasunsa suna da zafin da ke cin roba ta yamutse. Gwada kowane gwangwani a bayan cokalin roba kafin ya taɓa motarka.

Kafin gam ya taɓa komai

Buɗe kwalin ka karanta takardar umarni daga farko har ƙarshe, ko da ba ka jin yaren, domin zane ne ke magana. Kowane sashe yana da lamba a jikin firam ɗin robar da yake maƙale da shi, haruffan da ke gefen zanen kuma launin fenti suke nufi. Bayan nan ka wanke firam-firam ɗin da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke kwano, ka ɗauraye, ka bar su su bushe da kansu. Maiƙon masana'anta da na yatsu yana hana fenti kamawa.

Kada ka murɗe sashe ka fizge shi da hannu. Yanke shi da filaya nesa kaɗan da jikinsa, sannan ka fere ɗan tsinin da ya rage da wuƙa, ka goge da samfefa. Kuma kada ka cire duka sassan lokaci ɗaya, domin lambar tana jikin firam ne, da zarar sun rabu da ita birkin hagu da na dama sun zama tagwaye. Duk abin da za ka haɗa, fara gwada shi ba gam, ka ga ya zauna. Idan bai zauna ba, laifin yana wani ɗan tudu da ba ka goge ba, matsawa da ƙarfi ba za ta gyara shi ba.

Gangar jiki: nan aikin yake

Takardar umarni takan fara da inji ta ƙare da gangar jiki. Ni ina ganin a juya tsarin. Fentin jiki shi ne abin da kowa zai fara gani, shi ne kuma ya fi daɗewa kafin ya bushe, saboda haka a fara da shi, a yi sauran aikin yana shan iska.

Ɗaga jikin motar ka duba shi a hasken taga. Za ka ga wasu siraran layuka masu ɗan tudu suna bi ta kan kafaɗun tayoyi da gefen rufi. Wurin da ɓangarorin mazubin ƙarfe suka haɗu ne a masana'anta, babu su a motar gaske, kuma fenti fito da su yake yi maimakon ya rufe su. Goge su da samfefa 600 da ka jiƙa da ruwa, ka bi da 1000. Yi hankali da layukan ado na gefen mota da hannun ƙofa, kada su tafi tare. Idan akwai ɗan lotsawa, cike shi da fila kamar yadda masu gyaran jikin mota ke yi, ka bari ya bushe ka goge. Layukan ƙofa da na bonet kuma ka bi su a hankali da bayan tsinin wuƙa su ƙara zurfi, saboda fenti zai cinye wani abu daga cikinsu.

Sake wankewa, ka bari ya bushe, sannan ka ɗora jikin a kan abin riƙewa. Wayar rataye riga da aka lanƙwasa ta tokare cikin rufi ta isa, ko gorar ruwa da salatef a bakinta. Daga nan sai firaima, wato fentin shimfiɗa. Ruwan toka ya fi tona asirin ƙarce da rami, amma idan motar za ta zama fara ko ja ko ruwan ɗorawa, farar firaima ce za ta bar launin ya fito da haskensa. Idan ta bushe ka duba, ka gyara abin da ta nuna maka, ka shafe ta sama-sama da 2000.

Yanzu fenti. Girgiza gwangwanin minti biyu cikakku. Riƙe shi nesa da motar kamar santimita 20 zuwa 25, ka fara fesawa a iska kafin ka iso kanta, ka wuce ta kafin ka saki, hannu yana tafiya ba tsayawa. Zagaye biyu na farko su zama yayyafi, har kana hango firaima a ƙasa. Za ka ji kamar ka ƙara, ka daure. Bar minti 15 ko 20 tsakaninsu. A zagaye na uku ne za ka rage saurin hannu har fentin ya kwanta ya yi sheƙi kamar jiƙaƙƙe, kuma iyakar da ke tsakanin wannan da zubar fenti siririya ce ƙwarai. Idan ya zuba, kada ka taɓa. Bar shi kwanaki ya bushe, ka goge wurin, ka sake fesawa.

Yanayinmu yana da nasa hukunci a nan. Da hunturu iska ta bushe, fenti yakan fara bushewa tun bai sauka ba, sai jikin ya fito da kaushi kamar ɓawon lemo. Maganinsa ka ɗan matso da gwangwanin kusa. Ga kuma ƙura, wadda busasshiyar roba ke janyowa da kanta. Da damina kuma, ranar da iska ta cika da laima, fenti yakan yi wani farin hazo ya dushe. Lokacin da ya fi shi ne da sassafe kafin a fara shara da zirga-zirga, a wuri mai iska amma ba mai kaɗawa ba, bayan ka yayyafa ruwa a ƙasa. Da ka gama fesawa ka kife motar da babbar roba mai tsabta, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya don tururin ya fita. Kada ka shanya ta a rana, roba ce, za ta lanƙwashe. Gwangwanin ma kada ya kwana a cikin mota ko kusa da murhu, kuma takunkumi ba ado ba ne, tururin nan yana cutar da huhu.

Fenti iri uku ne a wannan harka: laka (wato lacquer) mai ƙarfin tina, enamel mai mai, da akirilik da ake tsarma shi da ruwa. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce mai zafi yana ƙasa, mai sanyi yana sama. Akirilik zai hau kan laka lafiya, amma laka a kan enamel yamutsa shi yake yi. Laka yana son kwanaki kafin a taɓa shi da abin gogewa, enamel kuwa mako ɗaya ko fiye. Idan ka kai hancinka ka ji warin fenti, bai gama ba.

Inji, ƙasa da ciki

Wannan ɓangaren ya fi sauƙi, burushi ne da haƙuri. Haɗa sassan da launinsu ɗaya kafin ka fente su, kamar ɓangarori biyu na inji, ka goge tabon haɗin. Ƙananan sassa ka fente su suna maƙale da firam, ka taɓa wurin yankan daga baya. Gam ɗin roba ba ya kama fenti, don haka kankare inda sassa za su haɗu. Haɗa su tukuna, sannan ka taɓa bakin haɗin da burushin gam, zai bi layin da kansa. Yatsanka ya yi nesa da wurin, in ba haka ba zanen yatsan zai zauna a jikin robar har abada.

Baƙi ba iri ɗaya ba ne. Ƙasan mota dusasshe ne, sitiyari mai ɗan sheƙi, tabarmar ƙafa ta fi kowanne dushewa. Bambanta su kaɗai ya isa ya raba aikinka da motar wasan yara. Idan ka tsarma baƙin fenti sosai ka ɗiga a lungunan inji, zai kwanta a ramuka ya fito da siffar kowane ƙarfe. Tayoyi kuma ka goge fuskar da ke taka ƙasa da samfefa 400, layin tsakiya ya tafi, sheƙin sabunta ya mutu. Sa'ad da kake maƙala ƙafafu, ajiye motar a kan gilashi ko tebur mai santsi kafin gam ya kama, ka tabbata duka huɗun sun taka.

Ƙyalli, gilashi da tambari

Tsohuwar mota ƙyallinta ne adonta: bamba, murfin ƙafa, zoben fitila. Waɗannan sassa sukan zo da rufin azurfa, kuma gam ba ya kama shi, sai ka kankare wurin haɗin har roba ta bayyana. Inda yankan filaya ya bar tabo, alƙalamin Molotow Liquid Chrome yana rufe shi. Siraran layukan gefen jiki da zagayen taga kuma akwai wata takardar ƙarfe mai gam, Bare-Metal Foil, da ake liƙawa a danne da auduga a yanke da sabuwar reza. In ba ka samu ba, salatef a gefe biyu da fentin azurfa sun wadatar.

Gilashi kuwa, sufa gulu na sa shi farin hazo, gam ɗin roba na cinye shi. Ɗiga farin gam da tsinken sakace a gefuna. Idan ya bushe ba a ganinsa, in ya yi yawa kuma ruwa na ɗauke shi.

Lambar mota da agogon dashbod da tambari suna zuwa ne a wata takarda ta musamman. Yanke ɗaya, ka tsoma a ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa goma, ka ajiye har ya fara zamewa, ka tura shi daga takardar zuwa mazauninsa da jiƙaƙƙen burushi, ka danne ruwan da auduga daga tsakiya zuwa gefe. A kan fenti mai sheƙi yake kwanciya da kyau. A kan dusasshe iska takan maƙale a ƙarƙashinsa ya yi fari-fari. Mai son ƙarin sheƙi zai fesa fenti garai-garai marar launi a kan jikin, ya bar shi mako, ya goge da 2000 a jiƙe, ya bi da man goge mota da tsumma mai laushi. A kusurwoyi ka sassauta hannu, nan fenti ya fi siranta. Sai dai ka tuna Beetle ta 1966 ba ta fito daga masana'anta tana walƙiya kamar motar baje koli ba, sheƙi matsakaici ya fi kama da gaskiya. Madubin gefe da abin share gilashi da eriya su ne na ƙarshe, bayan jiki ya zauna a kan ƙasan motar.

Tarawa

Motocin ƙarfe suna da dogon tarihi. Dinky Toys ya fara a 1934 a birnin Libaful na Ingila, a ƙarƙashin kamfanin Meccano na Frank Hornby, kuma asalin motocin ado ne ga jiragen ƙasansa na wasa, daga can ma'aunin 1:43 ya samo tushe. Matchbox ya biyo baya a 1953, Corgi a 1956 da sabon abu a lokacin, wato tagogi masu gilashin roba, sai Hot Wheels na Mattel a 1968. A yau Bburago da Maisto da Welly ne masu sauƙin kuɗi, Norev da Solido da IXO da Minichamps a tsakiya, AUTOart da CMC kuma sai mai hali.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya zaɓi jigo ɗaya da ma'auni ɗaya ya tsaya a kansu. Motoci goma da ke ba da labari ɗaya sun fi hamsin da aka tsinto nan da can. Ga ɗan ƙasar nan jigon yana bakin ƙofa: motocin da suka cika titunanmu daga shekarun 1960 zuwa 1980. Fijo 404 da ta fito a 1960, da 504 da ta fito a 1968 ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta daɗe tana haɗawa bayan an daina yin ta a Faransa. Ƙara da Beetle, da Land Rover, da tsohuwar Marsandi. Norev, da yake na Faransa ne, yana da Fijo iri-iri.

Idan tsohuwar motar ƙarfe za ka saya, duba ta da kyau. Jikinta gaurayen tutiya ne da alminiyam da wasu ƙarafa, kuma idan dalma ta gurɓata gaurayen tun a masana'anta, da shekaru ƙarfen yakan kumbura ya tsattsage har ya marmashe. Ba shi da magani. Ƙananan tsaga a ƙarƙashin fenti, ko ƙofar da ta daina rufuwa, su ne alamarsa. A intanet ka nemi hoton ƙasan motar, inda ake rubuta sunan kamfani da ma'auni, da hoton ainihin wadda za a turo maka. Ka kuma tambaya ko an sake mata fenti, domin a wajen masu tarawa tsohon fenti mai ɗan ƙarce ya fi sabon shafe daraja. Akwai kuma motocin da ake zubawa da resin, wani nau'in roba mai tauri, layukansu sun fi kaifi, amma ƙofofinsu galibi ba sa buɗewa, faɗuwa ɗaya kuma ta ishe su.

Kada ka yar da kwali, wani lokaci shi ne ke ɗauke da babban kaso na farashin tsohuwar mota. Ajiye motocin a kabad mai gilashi da ke rufuwa ruf, nesa da taga, saboda rana na kashe launi tana sa gilashin roba ya yi ja-ja. Ƙura ka share ta da burushin kwalliya mai laushi, tsumma yana karya madubi da eriya. Tayoyin wasu motoci sukan narkar da roba ko fanishin katakon da suka daɗe a kai, don haka shimfiɗa musu farar takarda ko ka ɗora su a kan gilashi. Da damina ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a lungun kabad ɗin. Ka kuma buɗe littafi ko shafi a wayarka ka riƙa rubuta kamfani da ma'auni da launi da kuɗin da ka biya wa kowace mota, domin da sun haura ashirin za ka fara sayen wadda kake da ita.